Ɗaurin Birki a Ƙofar Gida

A shekarun 1980, a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba a cewa mutum ya iya tuƙin a-kori-kura sai ya iya gyara birkinta da hannunsa. Lasisi daban, wannan daban. Yaron mota da weji yake farawa, guntun katakon nan da yake dirowa da shi a guje ya cusa a bayan taya duk lokacin da aka tsaya a gangara, don ba wanda ya amince wa birkin hannu. Daga weji sai jak, daga jak sai kwance ƙafa, har ranar da ubangidansa zai miƙa masa sifana ya ce, "Shiga ƙasa ka matse mani lainin." Sitiyari ne abu na ƙarshe da ake damƙa masa, kuma kafin ya kai nan ya san kukan kowane ƙarfe da ke ƙarƙashin motar.

Motocin ma sun taimaka, domin kusan iri ɗaya ne. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa mota a 1975, kuma a wannan tsakanin ne aka kawo babban shirin noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya zo da taki da irin masara da hanyoyin burji zuwa ƙauyuka. Lokacin duk muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, sai 1987 aka yanke Katsina. Masara ta samu gindin zama a ƙasar da aka fi sani da auduga da dawa, buhuna suka yi yawa, jakuna suka gaza, sai 404 da ƙanwarta 504 masu buɗaɗɗen baya suka cika hanyoyin Daudawa da Mairuwa da Sheme da 'Yankara, da wadda ta bi ta Ɗandume ta nufi Sabuwa. In robar birki ta fashe maka, kowane shagon kayan gyara a Funtuwa yana da ita, kuma ba sai ka faɗi shekarar mota ko wata lamba ba. Ka ce ta Fijo, an gama magana.

Birkin lokacin, musamman na ƙafafun baya, na duram ne: zagayayyen ƙarfe mai zurfi da ke juyawa tare da taya, a cikinsa akwai lainin biyu da man birki ke turawa su dafe bangonsa. Lainin na cinyewa, tazara na ƙaruwa, sai ka ji ƙafarka na nutsewa kafin mota ta amsa. Don haka ake matse shi a kai a kai, da kaka kuwa kusan kowane mako. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jigilar hatsi tsakanin Faskari da Funtuwa, da yammacin jajibirin kasuwa yake yin nasa. A ɗaga ƙafa, a juya taya da hannu, a matse har ta fara gurza, sannan a ɗan sassauta. In lainin ya ƙare ba a yar da ƙarfensa, sai a kai wa mai ribiti ya ɓamɓare tsohon ya buga sabo. Aikin da yara ke rububi shi ne fitar da iska: yaro na zaune a kujerar direba, babba na kwance a ƙasa da ƙaramar sifana, kana jin "Taka! Taka! Riƙe!" sai can "Saki!" har man ya fito ba kumfa. Na tuna kuma yadda ake hure baƙar ƙurar cikin duram da baki. Lainin zamanin akwai asbestos a cikinsa, abin da aka tabbatar yana lalata huhu har ya kai ga ciwon daji, mu kuwa a fuska muke shan ƙurar muna dariya.

Ba na cikin masu kewar wancan zamani ɗungurungum. Bayan 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta karye, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, sai dabara ta fara cin gurbin gyara. Man birki ya ƙare a daji, a dama omo da ruwa a ɗura. Fayif ya tsage, a lanƙwasa shi a daddake da guduma ya toshe, a ci gaba da tafiya da birkin ƙafa uku. A tasha da alfahari ake ba da waɗannan labarai, kuma gaskiya akwai abin yabo ga mutumin da ya fito da mota da kayan mutane daga bayan 'Yankara da tsakar dare ba mai taimakonsa. Inda gizo ke saƙar, abin da aka yi don a samu a kai gida sai ya zauna ya zama shi ne gyaran. Birki ba abin da yake yi illa mayar da gudu zafi, man da ke cikinsa kuma an yi shi ne don ya jure wannan zafi. Sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuwa 230. Ruwa a 100 yake tafasa. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma matsuwa yake, ƙafa ta tafi har ƙasa mota ba ta ji ba. Abin da ya rufa wa da yawa asiri shi ne motar ba ta da ƙarfin gudu da kaya, hanya kuma ba ta barin ta. Waɗanda asirinsu bai rufu ba, an yi musu salla an ce birki ne ya shanye, ba wanda ya koma ya leƙa abin da ke cikin kofin mai.

A-kori-kurar Fijo ta ja baya a hankali. Motocin Kwatano suka shigo, ƙananan 'yan kasuwa suka koma Golf da J5 da Kanta, a-kori-kurar zamani kuma ta zama Hilux, sai jefi-jefi L200 ko Ranger, da manyan na Amurka irin su Tundra a hannun masu hali. Hilux ba motar kowa ba ce a nan. Ta ƙaramar hukuma ce, da jami'an tsaro, da ɗan siyasa, da dillalin hatsi, da babban manomi mai gona a Sabuwa da gida a Funtuwa, da masu harkar farar ƙasa a Ƙanƙara. Da shigowarta mai mota ya janye hannunsa. An tsorata shi cewa motar kwamfuta ce, kowace waya ka taɓa sai an kira injiniya. Ko kukan birki ta yi, sai a ba direba kuɗin mai ya kai ta Funtuwa, in abin ya ɗan yi zurfi Zariya ko Kaduna ko Kano. Aka tashi da direbobi masu kyan hannu a sitiyari waɗanda ba su taɓa ganin cikin ƙafar motar da suke ja ba.

Ba sha'awa ce ta dawo da sifana hannun mai mota ba, tsaro ne da tsada. Kowa ya san abin da waɗannan ƙananan hukumomi uku suka gani, tun kafin daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara sama da 300, duniya ta ji sunan garin. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, cikin Satumba kuma aka katse layukan waya na tsawon watanni a ƙananan hukumomi 13, har da namu uku. A irin wannan hali kai mota gareji ya zama abin lissafi: ƙarfe nawa za a fita, ƙarfe nawa za a dawo, in makanike ya ja aiki har la'asar sakaliya a ina za a kwana. Hilux kuma ba ta wucewa ba a lura da ita ba. Daga nesa ko a ce ta jami'ai ce ko ta mai kuɗi, kuma a bakin daji ba ka son a ɗauke ka ko ɗaya daga ciki. Sai ga cire tallafin mai a Mayun 2023, naira ta sake faɗuwa a bayansa, man zuwa da dawowa kansa ya zama abin da ake juyawa a rai kafin a tayar da mota.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: rashin tsaro ya canza yadda ake cin birki. Da can direba kan tsaya a inuwa ya taɓa wili ya ji zafinsa, ya bari ya huce, shi ma ya sha ruwa. Yanzu akwai wuraren da ba a tsayawa, ba a ma rage gudu sai rami ya tilasta, sannan a danne birki da ƙarfi a sake take totur. Gudu in ya ninka biyu, zafin da birki zai haɗiya ninki huɗu yake yi. Ga shi motar ba ta da damar lalacewa a hanya, don haka duk abin da za a duba a gida ake duba shi, da rana tsaka.

Wanda ya fara kwance ƙafar gaban Hilux a ƙofar gidansa, bayan ya kalli yadda ake yi a waya, yakan yi mamakin sauƙin abin. Faifan ƙarfe ne ke juyawa da taya, kalifa ta rungume shi, fad biyu suna matse shi ciki da waje. A masu jan ƙafa huɗu da yawa fil biyu ne kawai ke riƙe da fad: ka zare su, ka zaro tsoho, ka mayar da fistin baya, ka zura sabo. Ba matsewa, ba ribiti, shi ke daidaita kansa yana cinyewa. Har wani ɗan ƙarfe aka maƙala masa da ke fara ƙara in ya kusa ƙarewa. Sabon fad kaurinsa kimanin milimita 10 ne, in ya sauko wajen 3 lokacin shiri ya yi. Ƙafafun bayan yawancin Hilux kuwa duram ne da lainin, dattijon da ya saba da 504 zai gane komai a ciki.

Sauƙin nan ne ke yaudara, don mutum na iya gamawa ya ga kamar ya yi daidai. Ba a zura jiki ƙarƙashin mota mai nauyin tan biyu tana kan jak kaɗai, balle a ƙasar damina mai laushi. Sai an tokare ta da ƙarfen tsayawa ko kututture mai ƙwari, bulon siminti kuwa yana iya rugujewa ba sallama. Ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba mota ta riƙa fizgar sitiyari. In kalifar sai an cire ta, ba a barin ta tana reto a jikin tiyon roba, a ɗaure ta da waya. Kafin a mayar da fistin a leƙa kofin mai, domin man zai koma sama ya malalo, kuma yana cin fenti. A duba faifan kansa, an buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, kuma sabon fad a kan faifan da ya yi kwari-kwari zubar da kuɗi ne. Giris kada ya taɓa fuskar fad. Sannan wanda ya fi kowanne saurin jawo hatsari: bayan an ɗaure komai, a tattaka birki har ya yi tauri kafin a sa giya. Takun farko fanko ne, don fistin bai iso fad ba tukuna, kuma a ƙofar gida, inda yara ke kewaye da mai aiki suna kallo, wannan taku ɗaya ya isa ya jawo abin da ba a fata.

Man birki kuwa shan danshi yake daga iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina. DOT 3 da ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen digiri 140, shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a zubar a sake sabo duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Mu ƙari kawai muka sani, daga robar da aka ɓalle tun bara.

Inda tsohon ilimi ya raba gari da sabuwar mota shi ne ABS. Tun 1978 Mercedes da Bosch suka fitar da shi kasuwa, amma ya daɗe bai zama ruwan dare a a-kori-kurar da ke zuwa mana ba. Akwai sensa mai ƙirga juyawar taya. In wata taya ta nemi ƙamewa ta ja ƙasa, sai na'urar ta sassauta mata ta sake matsewa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, don direba ya ci gaba da iya karkata sitiyari. Direban da ya tashi a Fijo, in ya ji birki na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya ɗauka ya lalace ya ɗage ƙafa, ko ya shiga takawa yana saki yadda ya saba, alhali abin da ake so ya danne ya riƙe. Daga nan sai gareji: "Oga, a cire mani wannan abu, a mayar da ita dairek." Na saurari hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A kan tsakuwa da yashi mota mai ABS takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, don tayar da ta ƙame tana tara ƙasa a gabanta. Amma gudun da ke kisa galibi a kan kwalta ake yin sa, hanyar Funtuwa zuwa Gusau ko ta Malumfashi, ana ruwan sama, babur ko shanu sun faɗo titi, kuma a nan iya kaucewa ya fi komai. A motocin yanzu ma wannan na'ura ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, wanda ya cire ta ya haɗa har da abin da bai san yana nan ba. Sau da yawa kuma abin da ya kunna fitilar ABS a dashbod bai wuce laka a bakin sensa ba, ko waya da kara ya tsinka a gona. Na taɓa ganin motar da aka manna wa baƙin salatif a kan fitilar aka ce an gyara.

Masu manyan motocin Amurka suna da nasu tarkon. Ford F-150 na 'yan shekarun nan da Tundra daga samfurin 2022, birkin ajiye motarsu maɓalli ne, da ƙaramin injin lantarki a jikin kalifar baya. Sai an umarci injin ya janye kafin a tura fistin. Wanda ya sa ƙarfi ya danna yadda ya saba, ya karya abin da zai sha wuya kafin ya samo shi. Haka in iska ta shiga cikin na'urar ABS, fitar da iska irin ta da ba lallai ta kore ta ba, sai an jona kwamfutar gwaji ta buɗe bawul-bawul ɗin ciki. A ganina nan ne iyakar ƙofar gida. Fad da lainin da faifai, mai mota mai natsuwa zai iya. Abin da ya shafi masta, wato famfon man birki, da na'urar ABS kuwa a kai wa mai kayan aiki, ko da za a kwana a Funtuwa. An ma ɗan samu sauƙi: tun Oktoban 2023 da gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da Hilux da babura, motar ta ƙara yawa a garuruwanmu, makanikan gida suka ƙara sabawa da cikinta.

Sai batun lodi, wanda bai canza ba tun zamanin 404. An ƙera Hilux don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, buhu 10 ke nan na masara mai kilo 100. Da kaka wa ke tsayawa a 10? Don kada baya ya zauna, sai a kai ta a ƙara mata sifirin. To, tsofaffin Hilux da yawa suna da wani bawul a ƙarƙashi, da sandar da ta haɗa shi da aksul ɗin baya. Aikinsa auna yadda baya ya nutse: in ya nutse ya san akwai kaya, ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. Da aka ƙara sifirin baya ya daina nutsewa, bawul ya ɗauka motar wayam take, ya rage wa baya, aiki ya koma kan fad ɗin gaba. Mai mota ya yi ta canza fad yana tsine wa mai shago, alhali shi ya ruɗa motarsa.

Duk da haka abin da ya fi damuna, fiye da sensa da maɓalli, kayan gyaran ne kansu. Direban da can da ƙafa da kunne yake gane birki, kayan da ke kasuwa kuma iri ɗaya ne ko biyu. Yau ka shiga shago a jero maka kwali uku masu tambari iri ɗaya a ce, "Alhaji, wanne za a ba ka? Akwai na kamfani, akwai mai bi masa, akwai kuma na lallaɓawa." Wannan mai gaskiya ke nan. Wani na lallaɓawar zai miƙo maka a kuɗin na kamfani, ido ba ya rabewa, bidiyon waya kuma ba ya koya maka. Jabun fad lafiya lau yake kamawa a cikin gari, sai ya ɗau zafi da kaya a gangara ya yi santsi, ko fuskar ta ɓalle daga ƙarfenta. Makaniken kirki da ke ɗaure fad kullum ya san wanne ke dawowa bayan wata guda, wanne ke cinye kaka har ya shiga rani. Wannan sanin mai gyara a gida ba shi da shi, tunda jefi-jefi yake kwance ƙafa. Shi ya sa waɗanda na ga sun fi dacewa su ne masu yin aikin da hannunsu amma ba su yanke zumunci da makanikensu ba. Su kira shi su ce, "Oga, wanne zan saya, kuma wajen wa?" su ɗan aika masa da na goro, don shi ma cinikinsa ne ya ragu.

Hanyar sayen ma ta sauya. A ɗauki hoton lambar shasi da na tsohon fad, a tura ta WhatsApp ga ɗan kasuwar da aka sani a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna, domin Hilux ta 2008 da ta 2018 ba lallai fad ɗaya suke ci ba, ko 'yan shekara ɗaya ma akan samu bambanci tsakanin mai jan ƙafa biyu da mai huɗu. A tura kuɗi ta banki, a ba direban tasha saƙo zuwa Funtuwa, daga nan wani ya ƙarasa da shi Sabuwa ko Faskari. Masu dogon lissafi tun Satumba suke sayen saiti biyu da robar mai da ba a ɓalle ba su ajiye a ɗaka, kafin a fara kwasar masara kowa ya tuna da birkinsa a mako ɗaya.